Waƙar Fanny, Sunan Felix

Duk wanda ya taɓa leƙa littafin tarihin kiɗan Turawa zai ci karo da sunan Felix Mendelssohn, Bajamushen nan da har gobe ake kaɗa wani kiɗansa a majami'u idan ango da amarya za su fito. In littafin mai ɗan adalci ne, can ƙasa zai ƙara layi biyu cewa yana da wata ƴar'uwa mai suna Fanny, ita ma takan ɗan taɓa fiyano. Waɗannan layuka biyun ne suka sa na ɗauki alƙalami. Matar da ake cewa takan ɗan taɓa ta bar ayyukan kiɗa fiye da 450. Kusan 250 daga ciki waƙoƙi ne irin waɗanda Jamusawa ke kira Lied, wato a ɗauki baitocin wani sha'iri a ɗora musu karin murya, mutum ɗaya ya rera, fiyano yana raka shi. Ra'ayina shi ne an ci haƙƙin Fanny Hensel, kuma waɗanda suka ci haƙƙin su ne mutanen da suka fi kowa ƙaunarta: mahaifinta da ƙaninta. Masu neman wanke su da cewa ai haka zamanin yake, tarihi bai goyi bayansu ba.

Da gangan na ce ƙaninta. Jamusanci da Faransanci da Ingilishi kalma ɗaya gare su ta ƴar'uwa, ba ruwansu da wa ya riga wa zuwa duniya. Hausa ba ta yarda da wannan ba, dole ka faɗa mana ya ce ko ƙanwa. To Fanny yaya ce. An haife ta a Hamburg ranar 14 ga Nuwamba 1805, shi kuwa Felix sai 3 ga Fabrairu 1809. Tun suna yara ita yake kawo wa abin da ya tsara ta duba masa kafin kowa ya ji. A 1822 ita da kanta ta rubuta cewa ba shi da wani mai ba shi shawara a harkar kiɗa sai ita. Saboda haka duk mai cewa a inuwar Felix ta koyi abin da ta iya, ya juya labarin ne ƙafa a sama.

Bari mu ga inda ta sha nata ruwan. Gidansu gidan ilimi ne da dukiya. Kakansu Moses Mendelssohn shahararren masanin falsafa ne Bayahude, mahaifinsu Abraham kuma mai banki ne. Iyalin sun koma Balin a 1811, aka kuma yi wa yaran baftisma a 1816. Mahaifiyarsu Lea ce ta fara ɗora hannun Fanny a kan fiyano, kuma danginta sun riƙe kiɗan Johann Sebastian Bach a lokacin da yawancin Jamusawa suka jingine shi a matsayin kayan tsofaffi. Ƴar'uwar kakarsu, Sarah Levy, a wurin ɗan Bach na cikinsa, Wilhelm Friedemann, ta yi karatu, ta kuma tara takardun kiɗan gidan Bach masu yawa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A 1818, tana ƴar shekara goma sha uku, Fanny ta zauna gaban mahaifinta ta kaɗa masa kiɗa 24 na Bach da ka, ba ta duba takarda ba.

Malaminta na tsara kiɗa shi ne malamin Felix, wato Carl Friedrich Zelter, shugaban ƙungiyar mawaƙa ta Sing-Akademie a Balin, kuma aminin babban sha'irin Jamus, Goethe. Zelter da Goethe aƙidarsu ɗaya game da waƙa: baiti shi ne maigida, kiɗa bara ne. Karin murya ya zama mai sauƙi, a maimaita shi a kowane baiti, kada fiyano ya yi wa kalmomi shisshigi. A kan wannan turba Fanny ta fara, waƙarta ta farko ma ta ranar haihuwar mahaifinta ce a 1819. Amma ba ta tsaya nan ba. Bach ya koya mata yadda muryoyi da yawa ke tafiya tare kowace da hanyarta ba tare da sun yi karo ba. Beethoven, wanda ya rasu a 1827, ayyukansa na ƙarshe sun shige ta ƙwarai, sun koya mata karya doka idan zuciyar baitin ta buƙaci haka. Shi ya sa a waƙoƙinta na baya za ka ji fiyano ya daina zaman bara. Yakan riga murya faɗin abin da ke tafe, yakan sauya launi a tsakiyar baiti daidai inda sha'irin ya sauya tunani. Ta ɗora kiɗa a kan baitocin Goethe da Eichendorff da Lenau, da na Heinrich Heine wanda ke zuwa gidansu, wanda halinsa bai kwanta mata ba amma baitocinsa sun kwanta. Ɗa ɗaya ta haifa, a 1830, ta sa masa suna Sebastian Ludwig Felix: Bach, Beethoven, da ƙaninta. Ba sai an tambaye ta su wa take girmamawa ba.

Zelter ya san abin da ke hannunsa. A 1831 ya rubuta wa Goethe cewa Fanny tana kaɗa fiyano kamar namiji. A ganinsa ya kai maƙura wajen yabo. Ni kuwa a wannan yabon nake ganin tushen matsalar: idan mace ta ƙware, sai a cire ƙwarewar daga hannunta a miƙa wa maza, ita a bar ta da mamakin mutane.

Yanzu ga inda aka yanke mata hanya. A 1820, tana da shekara goma sha huɗu, mahaifinta ya aiko mata da wasiƙa daga Faris. Abin da ya gaya mata shi ne, wataƙila kiɗa ya zama sana'ar Felix, amma a wurinta ado ne kawai, ba zai taɓa zama ginshiƙin rayuwarta ba. Ranar da ta cika shekara 23 ya sake tuna mata cewa ta shirya wa aikinta na haƙiƙa, wato riƙon gida. Malami ɗaya, ɗakin karatu ɗaya, fiyano ɗaya, amma ɗa namiji aka tura shi Ingila da Italiya da Faransa ya ga duniya, duniya ta gan shi, ƴa mace aka ce ta zauna.

Domin mai karatu ya gane nauyin abin, ya tuna cewa a lokacin babu faifai, babu rediyo. Turawa rubuta kiɗa suke yi da alamomi a takarda, maɗaba'a ta buga, mutane su saya su kaɗa a gidajensu. Wanda sunansa ke kan takardar shi ne mai waƙar a idon duniya. Wanda ba a buga nasa ba, kiɗansa iyakarsa bangon gidansu. To waƙoƙin Fanny guda shida sun fita kasuwa, uku a kundin waƙoƙin Felix mai lamba 8, uku a mai lamba 9, dukkansu da sunan Felix. A 1842 ya ziyarci Sarauniya Biktoriya a fadar Buckingham a Landan. Sarauniya ta zaɓi waƙar da ta fi so a cikin nasa ta rera masa, wata mai suna Italien. Dole ya buɗe baki ya faɗa mata cewa wannan ta yayarsa ce. Shi da kansa ya ba mahaifiyarsu labarin a wasiƙa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san hujjojin masu kare gidan Mendelssohn, kuma ba zan tsallake su ba.

Hujja ta farko: ai da yardarta aka yi. Felix bai sace ba, hanya ya nema wa waƙoƙinta su fita tunda ba za su iya fita da sunanta ba, kuma abokan gidan sun san ko na wane ne. Akwai masana na yau da ke ganin an zuzuta labarin danniyar, an mayar da Felix azzalumi don a samu labari mai daɗin ji. Na yarda Felix ba ɓarawo ba ne, na kuma yarda yana son yayarsa so na gaske. Amma yardar wanda aka rufe wa ƙofa aka nuna masa taga, wace irin yarda ce? Kuma lokaci ya zo da aka tambayi Felix kai tsaye. Mahaifinsu ya rasu a 1835. A 1837 mahaifiyarsu ta roƙe shi ya ƙarfafa wa Fanny gwiwa ta buga ayyukanta, mijinta ma yana so. Felix ya ƙi. Ya ce ba ta da sha'awar zama mawallafiya, hidimar gidanta ce gabanta, shi ba zai zuga ta ba. Uba ba ya raye, uwa ta amince, miji ya amince, ƙani ya ƙi. Ita kuwa ra'ayinsa ya fi na kowa nauyi a zuciyarta, sai ta ja da baya har shekara tara.

Hujja ta biyu ita ce wadda ta fi ba ni haushi: haka zamanin yake, mata ba sa fita. Wane zamani? A 1835, a birnin Leipzig, wata yarinya ƴar shekara goma sha shida mai suna Clara Wieck, wadda daga baya ta auri Robert Schumann, ta kaɗa babban kiɗan da ita ta tsara a gaban jama'a. Wanda ya jagoranci makaɗan da suka raka ta a ranar shi ne Felix Mendelssohn. A birnin Munich kuma akwai Josephine Lang, mai tsara waƙoƙi, wadda Felix ya yaba ƙwarai har ya koyar da ita, kuma ta buga waƙoƙinta da sunanta. Ashe Felix bai ƙi mace ta tsara kiɗa ba, bai ƙi a buga sunanta ba. Abin da ya ƙi shi ne macen ta zama ta gidansu. Clara ƴar malamin fiyano ce, Josephine ƴar makaɗi ce, gidajen da ke ci da sana'ar. Fanny kuwa ƴar mai banki ce, kuma a ganin masu kuɗin Balin, mace ƴar babban gida ta sayar da kiɗanta zubar da girma ne. Wannan tunani ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Mu ma mun san gidajen da ke jin daɗin waƙa, su yi wa mawaƙi kyautar doki ko mota, amma ranar da ƴarsu ta ce za ta rera, sai a ce za ta mayar da su maroƙa.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa don adalci ga Abraham. Iyali ne da suka fito daga Yahudanci a ƙasar da ƙiyayyar Yahudawa ba ta ɓuya. A 1819 an yi tarzomar kai musu hari a garuruwan Jamus da dama. Mutumin da ke cikin wannan hali yakan yi kaffa-kaffa da duk abin da zai sa a nuna gidansa da yatsa. Na fahimci tsoronsa. Amma tsoron bai hana shi tura ɗansa namiji gaban dubban mutane ba. Idan gida zai sayi mutunci, me ya sa kullum ƴa mace ce ke biyan kuɗin?

Kuma in dai zamani ne hujja, a daidai waɗannan shekarun Nana Asma'u tana raye a Sakkwato. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Ƴar babban gida ce fiye da Fanny, tana rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Nata waƙoƙin na ilimi ne da wa'azi, sun bambanta da na Fanny, amma abin lura shi ne ba a buga su da sunan ɗan'uwanta Muhammadu Bello ba. Mahaifinta da ɗan'uwanta da mijinta Giɗaɗo sun bar mata sunanta, shi ya sa muka san ta. Zamani ba ya rubuta wasiƙa. Mutum ne ke zama ya rubuta wa ƴarsa cewa baiwarta ado ce.

Hujja ta uku: me ta rasa? Ta yi rayuwar jin daɗi, ta auri mai sonta, tana da dandalinta a gida. Gaskiya ne. A 1829 ta auri Wilhelm Hensel, mai zane a fadar sarkin Prussia, mutumin da bai iya kiɗa ba amma ya tsaya mata har ƙarshe. Ita ta tsara kiɗan ɗaurin aurenta da kanta. Daga 1831 ta riƙa shirya taron kiɗa na ranar Lahadi a gidansu da ke titin Leipziger Strasse, tana kaɗawa, tana jagorantar mawaƙa, manyan makaɗa irin su Franz Liszt da Clara Schumann suna halarta. Sai dai taron gida taron gayyata ne. Baƙon da ya sha shayinka ba zai gaya maka waƙarka ta yi tsawo ba. Duk mai rubutu ya san abin da suka ke yi wa aiki: wanda ba a soka ba ya san inda ya tsaya. Fanny ta koka da wannan a wata wasiƙa ta 1836, ta ce idan babu mai kula da abin da kake yi, a hankali daɗin aikin yakan tafi, har ka kasa auna kyansa da kanka. Felix yana da babbar ƙungiyar makaɗa a Leipzig da zai gwada duk abin da ya rubuta, ya ji kuskurensa ya gyara. Ita ba kasafai take kaɗa fiyano a taron jama'a na bainar nasi ba, karo na farko a 1838 ne, don tara kuɗin agaji, kuma kiɗan Felix ta kaɗa. Masu cewa ayyukanta ƙanana ne, ba ta yi manya irin nasa ba, su fara tambaya wa aka ba fili.

Abin da ya farkar da ita tafiya ce. Daga 1839 zuwa 1840 ta yi kusan shekara a Italiya tare da mijinta da ɗanta. A Roma ta haɗu da matasan Faransawa masu karatun kiɗa da zane, cikinsu har da Charles Gounod, wanda daga baya ya shahara. Ta riƙa kaɗa musu Bach da Beethoven da ka, suna zaune baki buɗe, Gounod kuma bai manta da ita ba har tsufansa. A can ta ɗanɗana abin da aka hana ta a gida, wato a girmama ta don aikinta, ba don ita yayar wane ce ba. Da ta dawo, a 1841, ta tsara Das Jahr, ma'ana Shekara: kiɗan fiyano goma sha biyu, kowane wata da nasa, mijinta ya yi wa shafukan zane. Wannan aiki bai ga maɗaba'a ba sai 1989.

A 1846, tana da shekara arba'in, ta yanke shawara ba tare da neman izinin Felix ba. In ban da ƴan waƙoƙi ɗaiɗai da suka taɓa fita a tarin wasu, wannan ne karo na farko da kundi ya fito da sunan Fanny Hensel: waƙoƙi shida, kamfanin Bote da Bock na Balin ya buga. Felix ya yi jinkiri kafin ya aiko da sa albarka, ita kuma ta rubuta a littafinta na sirri cewa ta san a zuciyarsa bai so ba. Wasu kundayen suka biyo baya cikin ƴan watanni. Ranar 14 ga Mayu 1847, tana tsakiyar gwajin wani kiɗan Felix da mawaƙanta don taron Lahadi, bugun jini a ƙwaƙwalwa ya kama ta, ta rasu a daren. Ko shekara ɗaya ba ta cika ba tana ganin sunanta a kan aikinta. Mutuwarta ta karya Felix. Ya tsara mata kiɗan makoki, ya kai wasu ayyukanta maɗaba'a, shi ma ya bi ta ranar 4 ga Nuwamba na wannan shekarar. Ba na shakkar baƙin cikinsa, amma ihu ne bayan hari.

Kada a ɗauka abin ya ƙare da mutuwarsu. A 1828 Fanny ta tsara wani dogon kiɗan fiyano da ake kira Sonatar Ista. Takardun suka ɓace, suka ɓullo a Faransa ɗauke da harafin F da sunan Mendelssohn. Ba a tsaya dogon bincike ba, aka ce F ai Felix ne, aka naɗe shi a faifai a 1972 da sunansa. Sai a 2010 wata ɗaliba Ba'amurkiya, Angela Mace, ta samu ganin takardun na asali, ta gane rubutun hannun Fanny ne, lambobin shafukan kuma sun cike giɓin da ke cikin wani kundinta. Ranar 8 ga Maris 2017 aka kaɗa shi a Landan da sunanta, gidan rediyon BBC ya watsa. Shekara 189 ke nan tsakanin aiki da shaida. Babu Abraham a 1972, babu Felix. Al'ada ce kawai ta ganin abu mai kyau a ce na namiji ne.

Ni ma'aikacin rediyo ne, kuma wannan al'ada ina ganinta a wurin aiki. Waƙa takan zo mana da sunan jarumin da ya motsa baki a fim, ko sunan mai situdiyo, muryar kuwa ta wata yarinya ce da ba a rubuta sunanta ko'ina ba, wani lokaci don iyayenta ba su san tana zuwa ba. Waƙoƙin gaɗa da na niƙa da na reno, mata ne suka ƙaga su, amma wanda ya fara kai su gaban makirufo shi ake kira mai waƙar. Marubuta mata da yawa suna ɓoye a bayan sunan Maman Wane, littafinsu yana yawo a wayoyi, a hanya ma a goge wannan ɗin. A shirina na kafa doka: kafin in saka waƙa sai na tambayi wa ya rubuta, wa ya ɗora kari, wa ya rera, in kuma faɗa wa masu sauraro. Ba ya cin minti ɗaya. Ina kira ga abokan aikina su yi haka.

Ga iyaye da yayye da ƙanne kuwa, darasin ya fi ɗaci. Da maƙiyi ne ya ce wa Fanny ta yi shiru, da ta yi masa kunnen ƙashi. Ta yi shiru ne don waɗanda suka faɗa mata mutane ne da take so, kuma sun faɗa da murya mai taushi, da sunan kare mutuncinta. Idan akwai yarinya a gidanku mai baiwar rubutu ko tsara waƙa, ku tsare mata tarbiyya yadda kuka ga dama, wannan haƙƙinku ne. Amma abin da ta yi da hannunta, ku bar sunanta a kai. Wanda kuma ya samu dama, ya nemi waƙar nan Italien ya saurara, ya faɗa wa na kusa da shi cewa ta Fanny Hensel ce.